Hotunan da Auta Yake Turowa

Matar tela, maƙwabciyar ƙanena, ita ce ta fara kawo maganar, kuma ba ni ta kawo wa ba. Ta faɗa wa wata, watan ta faɗa wa wata, kafin maganar ta iso kunnena ta riga ta yi ƙiba. Wai ƙanena Auta ya daina fita. Wai hotunan da yake turowa kullum da safe a zauren dangi na waya, na lambu da na hanya da na tsofaffin da ke motsa jiki a fili, duk na bara ne. Wai a rana ɗaya ya ɗauka ya tara, yanzu yana kwance a ɗaki yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai watsa wa kaji tsaba.

Auta shi ne ƙaraminmu. Kansa ya yi fari, ya ajiye aikin awon filaye tun tuni, yana da jikoki, amma sunan ya ƙi barinsa. Matarsa ta rasu ta bar masa gida da lambu a bayan gidan. Da hawan jini ya kayar da shi, babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Sista saboda aikin jinya take yi, ta zo da mota za ta kwashe shi zuwa wurinta, can nesa, a hawa na sama na wani dogon bene inda ko tukunyar fure ba ta da wurin zama. Ya ƙi. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan sharaɗi. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya, to ya riƙa yi, ya turo hoto a gani. Ranar da ta tabbata ba ya iya riƙe kansa, motar za ta dawo, kuma ba za a sake zaman shawara ba.

Ban daɗe da jin maganar ba Sista ta kira ni.

"Gwaggo, kin ji abin da ake cewa a kan Baba?"

"Na ji. Na kuma ji an ce ruwan sanyi yana kawo ciwon suga. Ba duka nake ɗauka ba."

"Don Allah, Gwaggo, ba wasa nake ba. Ke ce kusa da shi. Ki je ki duba min. In na tambaye shi sai ya ce lafiya ƙalau, ya ajiye waya."

"Da tsufana kike so in zama 'yar sandan ciki?"

"Ke kaɗai ce ba za ki yi min kwana-kwana ba."

Wannan gaskiya ne, kuma ba yabo ba ne a danginmu.

Na yi shekara da shekaru ina koyar da ilimin tsirrai a makarantar sakandare. Abin da aikin ya bar min, bayan ciwon gwiwa, shi ne ƙin yarda da magana don kawai kowa yana faɗinta. Sa'annina suna cewa hoto ba ya ƙarya. Jikokina suna cewa duk abin da ke cikin waya haɗi ne. Ni na ga duka biyun hanyar huta wa tunani ce. Sai na sa tabarau, na zauna bakin taga, na buɗe hotunan Auta tun daga baya ina bi.

Gwandar da ke kusurwar lambun ba ta san da jita-jita ba. A hotunan baya 'ya'yanta ƙanana ne kore shar, a na kwanan nan sun cika, ɗaya har ta fara ja a gindi. Tumatir ya yi fure, furen ya zube, 'ya'ya sun fito, kowane abu a kan lokacinsa. Zanen da ake yi a katangar makarantar firamare ma haka. Da farko layin alli ne, sai shuɗi ya shiga, sai aka ga ashe kogi ne da mata masu wanki a bakinsa. Wanda ya tara hotuna a rana ɗaya ba zai iya sa gwanda ta nuna a hankali ba.

Amma wani abu ya tsaya min. Hotunan sun karkace. Auta mutum ne da in zai ɗauki hoton dangi sai ya shanya mu a rana yana matsar da wannan, yana gyara wancan, har yara su fara kuka, don kawai layin katanga ya miƙe. Yanzu katangar tana gangara kamar za ta zube. Kuma jefi-jefi sai wani hoto ya shigo zauren wanda ba shi da dalili: bakin kwata, matakalar shago, kwalbar magani an ɗauke ta kusa-kusa. Yara su yi ta turo fuskokin dariya, suna cewa Kaka ya danna bai sani ba. Ni ban yi dariya ba. Na san hannun ƙanena.

Washegari na shiga motar haya da sassafe, na sauka bakin layinsu, na zauna a bencin mai shago wanda ke kallon ƙofar gidan. Ban gama daidaita sandata ba sai ga matar tela da tsintsiya a hannu. Mace ce da sharar ƙofar gidanta ba ta ƙarewa muddin akwai mai wucewa.

"Lale, Hajiya Malama! Ashe kin ji."

"Na ji me?"

"Hmm. Ni dai ba na son shiga abin da ba nawa ba. Amma da, kullum sai ya wuce ta nan, ya gaishe ni, har ya tambayi yara. Yanzu fa? Ƙofar nan tana rufe har hantsi. Zauna ki gani da idonki."

Na zauna. Masu kai yara makaranta suka wuce, mai ruwa ya wuce da kurarsa, rana ta hau kan kwanon shago ta fara sauko min a wuya. Ƙofar Auta ba ta motsa ba. Sai wayata ta yi ƙara a jaka. Na ciro. Hoto ne daga Auta, na katangar makaranta, da tsani jingine a jikinta, da rubutu a ƙasa: an tashi lafiya.

Matar tela ta leƙo ta kafaɗata, ta tafa hannu.

"Kin gani ko? Yana ciki yana kwance. Ni Allah ya sani ba na ƙarya."

Ina da makullin gidan tun lokacin jinyar matarsa. Na tsallaka, na buɗe, na yi sallama. Shiru. Gadonsa a gyare. A kan tebur kofin shayi ne da sauran ɗumi, da sukari a warwatse gefen kofin, tururuwa sun yi layi. Kujerun falo duk an tura su jikin bango, tsakiyar ɗakin fayau kamar za a yi shara. Na bi ta kicin na fita lambu. Ƙaramar ƙofar baya, wadda a da ba a buɗe ta sai za a fitar da shara, an zare mata sakata.

Lungun baya siriri ne, babu mota, babu babur, katanga ce doguwa a hannun dama har ƙarshensa. A jikin farar ƙasar katangar, daidai tsayin ƙugu, akwai wani dogon layi da ya yi duhu, irin wanda hannu ke bari in ana shafa wuri kullum. Na bi layin da sandata da gwiwoyina, ina tsine wa matar tela da Sista da kaina.

Na same shi a bakin makarantar. Yana tsaye da rigar motsa jikinsa mai ruwan toka da takalmin da Sista ta aiko masa, mai zanen kuma yana kan tsani, wani dattijo mai fenti a gemu. Suna hira, mai zanen yana kiransa da laƙabin tsohon aikinsa na awo.

"Baba Safiyo, yau na sa wa matar tsakiya ɗankwali."

"Wane launi?"

"Ka ɗauka mana ka gani. Kai ne sufetona."

"In ja ka sa, ka ɓata. Ja ya yi yawa a wajen nan."

"Kai dai ɗauka. Kullum sai ka kushe kafin ka duba."

Na matso na tsaya jikin katangar, kusa da matan da aka zana, tazarar da ke tsakanina da Auta ba ta wuce ta tabarma ba. Ya juyo. Idonsa ya sauka a kaina, ya wuce, kamar yadda ido ke wuce turken lantarki.

"Baiwar Allah, ɗan matsa kaɗan, zan ɗauki hoto."

Ban matsa ba. Ya ɗan jira, ya ga ba ni da niyya, ya ɗaga wayar ya danna. Sannan ya kawo ta dab da hancinsa, ya karkatar da kai gefe kamar kaza tana kallon shaho, ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton. Ya ja shi hagu. Ya sake buɗewa. Na ga lokacin da yatsunsa suka tsaya.

"Yaya?"

Wayar yake tambaya. Sai daga baya ya ɗago ya nemi inda nake.

"Ni ce, Auta."

Mai zanen ya dube ni, ya dube shi, sai ya ga akwai wani wuri can sama da ke bukatar fenti cikin gaggawa.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin ɗankwali."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba, ya sa wayar a aljihu, ya sake ciro ta. "Rana ce ta haske min ido."

"Rana tana bayanka."

"Yaya, ba a aji muke ba."

"Da a aji muke da tuni ka fita waje."

Ya ce tunda na zo sai in bi shi in ga yadda yake yi, in daina kallonsa kamar gawa. Muka tafi. Ba zan rage masa komai ba: ƙanena ya tsara abinsa da hankali irin na mai awo. Ya san inda kwata ta karye, ya san inda mai gyaran taya ke barin ƙarafunansa. In ya zo wurin da yake shakka, sai ya tsaya ya ɗauka, ya buɗe, ya duba, ya wuce. A filin da tsofaffi ke motsa jiki ya ɗauki hotonsu daga nesa, ya buɗe fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ƙarasa yana kiran kowa da laƙabinsa kamar tun daga bakin hanya ya gane su. Suka yi ta ɗaga hannu sama suna saukewa, wani tsohon soja yana ba su umarni, kowa yana nishi a nasa lokacin. Ni na samu dutse na zauna. Babu wanda ya lura da komai. Shekara nawa suna tare, ba wanda ya tambayi dalilin da mutum zai riƙa shinshinar waya kafin ya yi gaisuwa.

A hanyar komawa ya ce ba za mu bi lungu ba, za mu bi ta babban titi, don in ga har shi yana iyawa. Na ce ba sai ya nuna min ba. Ya ce sai ya nuna.

Muka tsaya bakin titin. Ya saurara. Ya ɗaga waya ya ɗauki hannun dama, ya kawo ta hanci, ya buɗe. Titin cikin hoton babu kowa.

"Kin gani? Fayau."

Ya sa ƙafa. Wani mai babur ya fito daga kwanar gidan mai a lokacin da Auta ke duba hoton, kuma ya kashe inji yana gangarowa, ba ƙara. Ban san ina da sauran ƙarfi irin wannan ba. Na saƙalo wuyan rigarsa da kan sandata na fizgo, muka tafi baya tare, na zauna daɓas a kan gwiwar da likita ya ce in lallaɓa. Mai babur ya wuce yana zagin iyayenmu, waɗanda suka daɗe a ƙasa.

Auta ya tashi zaune yana lalube. Wayar yake nema. Na miƙa masa. Gilashin bai fashe ba, titin yana nan a ciki, babu kowa.

Muka kama hanyar gida. Shi ya riƙe ni saboda gwiwa, ni na riƙe shi saboda hanya, duk wanda ya gan mu zai ce ga tsofaffi masu zumunci.

A lambu ya ajiye min kujera ƙarƙashin gwanda, ya zauna a bakin rijiya. Nan ya faɗa min. Tsakiyar abin da yake kallo ce ta goge, kamar an shafa mai a gilashi. Gefe-gefe yana gani. Ya je asibitin ido shi kaɗai, sun ce za a iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Fuska ba ya ganinta. Rubutu ba ya ganinsa. In ya ɗauka a waya ya buɗe ya karkata kai, sai abin ya faɗo gefen da ke aiki.

"Da farko don Sista nake ɗauka," in ji shi. "Yanzu ita ragowar nake tura mata."

"Kwalbar magani fa?"

"Kuskure ne. Ina duba ko na safe ne ko na dare, na tura ban sani ba."

"Ka taɓa shan na dare da safe?"



Ya tashi ya shiga nuna min lambun, kamar wanda ke kare kansa gaban alƙali. Ga alayyafo, ga tumatir ya ɗaure kowanne da sanda, ga furannin da matarsa ta shuka bakin katanga, ko ɗaya bai mutu ba. Kullum yana bin kunya-kunya yana ɗauka, ya zauna inuwa ya duba ganye ɗaya-ɗaya. Ya miƙo min wayar. Ganyen cikin hoton kore ne, lafiyayye.

Na miƙa hannu na juya ganyen tumatir ɗin da ke kusa da ni. Bayansa fari fat da ƙwari, sun yi cincirindo har kan jijiya. Na juya na gaba, haka. Na gaba ma haka.

"Me kika gani?"

"Kana ɗaukar bayan ganye?"

"Bayan ganye kuma?"

"Nan suke zama. Matarka ba ta faɗa maka ba?"

"Ita ba ta faɗa min komai. Tana yi ne kawai, ni ina karanta jarida." Ya shafa ganyen da yatsa, ya murza, ya ji danƙon. Ya daɗe yana murzawa. "Sun yi yawa?"

"Da ruwan sabulu za su tafi. Ba su ne damuwata ba."

"Yaya." Ya dawo ya tsuguna gabana, da furfurarsa da komai, kamar lokacin da yake fasa kwano ya zo in rufa masa asiri wurin Inna. "Kin san ɗakin da Sista za ta sa ni. Taga ɗaya, tana kallon bangon wani benen. A nan ƙafata ta san ko'ina. A can ko banɗaki sai an kai ni. Ki ce mata ina fita. Ai ina fita. Ki ce hotunan na gaske ne. Ba ƙarya kika yi ba."

"Ba ƙarya na yi ba."

"To shi ke nan."

"Babur ɗin fa?"

"Ba zan ƙara bin titi ba. Lungu kawai."

"Maganin fa? Gas ɗin kicin fa? Shi ma hotonsa za ka ɗauka ka ga ko yana yoyo?"

"Ina da hanci."

"Kana da taurin kai."

"A wurinki na koya."

Na gaji. Gwiwata tana zafi, bayana yana zafi, kuma na kai shekarun da mutum ke so a ce wani ne zai yanke magana, shi ya yi ta gunaguni daga gefe. Na dubi lambun. Matarsa ta bar shi a tsare, shi kuma ya riƙe shi da rabin ido fiye da yadda masu ido biyu za su riƙe. Na san in ya tafi, kafin damina ta zagayo awaki sun gama da shi. Na kuma san nauyin jikinsa a kan sandata.

"Zan ce mata a nemo wanda zai zauna da kai a nan," na ce. "Zan ce ni ma zan riƙa zuwa. Zan yi faɗa da ita iya ƙarfina, ka san kuma ina da baki. Amma sai ta san a kan me muke faɗan."

"Ba za ta yarda ba. Kin san ta."

"Mai yiwuwa."

"In kika faɗa, kin fitar da ni daga gidan nan."

"Kai ka faɗa mata, to. Ya fi kyau daga bakinka."

Ya girgiza kai. Ya koma bakin rijiya ya zauna ya ba ni gefen fuskarsa, wanda yanzu na gane shi ne kallonsa.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Ya ji, ya san ko wace ce, ni ma na sani. Na bar ta ta yi ta yi har ta katse, ko zai ce wani abu. Ya ɗaga tasa wayar, ya juya ganyen da ke kusa da shi, ya ɗauki bayansa, ya kawo hanci. Kira ya sake shigowa. Na ɗauka.

"Gwaggo, kin je? Kin gan shi?"

"Ina gidan. Ga shi nan zaune."

"To? Gaskiya ne abin da ake cewa?"

"Ba gaskiya ba ne. Kullum yana fita, ta ƙofar baya. Hotunan nasa ne, kowanne na ranar da ya turo shi ne."

"Alhamdu lillahi! Wallahi Gwaggo har na kasa cin abinci. Matar telan nan, Allah ya..."

"Tsaya, ban gama ba. Babanki ba ya gani. Da wayar yake gani."